Littafin Aiki: Mayar da Lissafin Kamfanin Taki da Iri Kan Microsoft 365, Katsina da Daura

Litinin, 8 ga Satumba 2025

Kamfanin yana sayar da taki, iri da maganin feshi. Babban ofis yana Katsina wajen Ƙofar Ƙaura, akwai sito a Daura, sai rumfar da ake buɗewa a Mai'adua ranar Lahadi. Mutum bakwai ne ke taɓa lissafi: Alhaji, akanta, sakatariya, manajan Daura, masu sito biyu da mai kula da rumfa.

Yau aka duba kwamfutoci huɗu. Littafin kaya ɗaya ne a baki, amma an tarar da kwafinsa goma sha ɗaya a warwatse: wani a filas, wani a WhatsApp, wani a kwamfutar da ta shekara ba a kunna ba. Babu biyu da suka yi daidai a adadin buhunan yuriya. Abin da ake son kashewa ke nan. Kafin masu noman rani su fara ɗibar taki a Nuwamba, ya zama kowane littafi wurinsa ɗaya, kowane ma'aikaci yana shiga da sunansa, kuma a san wanda ya rubuta kowane layi.

Akwai dalili na biyu. Ranar 14 ga Oktoba mai zuwa ake daina tallafa wa Windows 10, tare da Office 2016 da 2019. Kwamfutoci uku suna kan Windows 10 da Office 2016. Ta huɗun, ta sito, Windows 7 ce, sababbin manhajojin ba za su hau kanta ba, don haka an cire ta daga lissafi. Ta akanta kaɗai ce za ta ɗauki Windows 11, domin shi yana buƙatar guntun tsaro na TPM 2.0 da furosesa wadda, in ta Intel ce, take daga tsara ta takwas zuwa sama.

Laraba, 10 ga Satumba

An buɗe gwajin wata guda na Business Standard, ɗaya daga cikin tsare-tsaren lasisin Microsoft 365, aka kashe sabuntawar kai-tsaye nan take don kada a ciri kuɗi ba shiri.

Bambancin da ya shafe mu: Business Basic yana ba da Word da Excel ta burauza da waya kawai, shi kuwa Standard har da waɗanda ake girkawa a kwamfuta, masu aiki ko ba sabis. Dukansu suna ba kowane mutum ma'ajiyar OneDrive ta 1 TB a intanet, wato gajimare, da akwatin imel. Lasisi ɗaya na mutum ɗaya ne, amma mai Standard yana iya sa shi a kwamfuta biyar, waya biyar da tabulet biyar. Saboda haka akanta, sakatariya da manajan Daura za su sami Standard, sauran huɗun Basic ya ishe su.

A farashin da aka sa a Amurka na biyan shekara a 2025, Standard dala 12.50 ne a wata, Basic dala 6. Namu ya kama dala 61.50 a wata, 738 a shekara. Da aka ƙiyasta dala a ₦1,500 ya zama ₦1,107,000, da harajin kashi 7.5 ya kai ₦1,190,025.

Da Alhaji ya ga adadin sai ya ce, "Malam, ba za a sayi ɗaya kowa ya riƙa shiga da shi ba?" Aka ce, "Ranka ya daɗe, in an yi haka ranar da buhu hamsin ya ɓace a takarda, sunan da za a gani ɗaya ne, kuma naka ne." Ban da cewa ya saɓa wa sharaɗin lasisi, asusun tarayya yana rushe ainihin abin da ake biyan kuɗin dominsa. Ya amince.

Juma'a, 12 ga Satumba

An ƙara wa kwamfutar sakatariya da ta Daura ram daga 4 GB zuwa 8 GB, an canza musu tsohon hadis da SSD mai 256 GB. Kayan da kuɗin aiki ₦118,000. Rauta mai layin 4G ta Daura ₦42,000. Ƙaramin UPS na rautar Katsina ₦35,000, don sabis ya daina yankewa tsakanin ɗauke wuta da tashin janareto.

Litinin, 15 ga Satumba

Girka manhajoji. Maimakon kowace kwamfuta ta sauke nata, an yi amfani da Office Deployment Tool: a sauke sau ɗaya da umarnin setup.exe /download, a kwashe a filas mai tsabta, a girka da setup.exe /configure. An rage cin data zuwa kashi ɗaya bisa uku. An fara cire tsohon Office gaba ɗaya, domin barin biyun tare yana sa fayil ya buɗe a wanda ba a nufa ba.

An yi rajistar adireshin intanet mai ƙarewa da .com.ng don imel ɗin kamfani, ta hannun wani mai rajista da NiRA, ƙungiyar da ke kula da adiresoshin .ng, ta amince da shi. Bayanai huɗu aka shigar a shafin DNS, inda ake saita adireshin: TXT mai farawa da MS= don tabbatar da mallaka, MX mai kai wasiƙu akwatinmu, CNAME na autodiscover don Outlook ya gane saitinsa da kansa, sai TXT na SPF mai nuna wanda ke da izinin aika wasiƙa da sunan adireshin. Wasiƙar gwaji ta farko ta faɗa cikin shara a wajen wanda aka aika wa, saboda an bar tsohon layin SPF da mai rajista ya sa tun farko, ya zama biyu. Layin SPF ɗaya tak ake so. Da aka goge tsohon, ta shiga daidai.

Alhamis, 18 ga Satumba

Tsofaffin fayiloli sun kai 41 GB. Da aka tankaɗe, 29 GB bidiyoyi ne da hotunan da ba na aiki ba, aka mayar wa masu su. Sauran 12 GB aka bi da maganin bairos, domin filas biyu suna ɗauke da irin wanda ke ɓoye folda ya bar gajeriyar hanya a madadinta. Duk abin da aka ɗora a gajimare zai sauka a kowace kwamfuta, don haka wankewa kafin ɗorawa wajibi ne.

Saurin ɗorawa a ofis kimanin megabit 3 ne a daƙiƙa. A lissafi 12 GB zai ci awa tara. An bar shi dare biyu.

Shawara mafi muhimmanci ta yau ita ce inda za a ajiye. Kayan kamfani ba sa zama a OneDrive na ma'aikaci, domin in ya bar aiki aka goge asusunsa, a saitin asali kwana 30 kawai ake riƙe abin da ke ciki. An buɗe wurare biyu a SharePoint, ma'ajiyar tarayya ta kamfani. Na farko kowa yana shiga: kaya, farashi, rasit, wasiƙu. Na biyu Alhaji da akanta kaɗai: bashi, albashi, banki. A can ne lambobin waya da na NIN na manoman da ke karɓar taki bashi suke, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ɗora wa mai tattara su nauyin tsare su. An kuma rufe damar yin linkin da duk wanda ya samu zai iya buɗewa.

Fayil 37 sun ƙi hawa. Wasu ragowar wucin gadi ne masu farawa da ~$, an goge su. Sauran folda ce cikin folda har hawa tara, da dogayen sunaye, hanyar ta zarce haruffa 400 da aka ƙayyade. An rage zurfin zuwa hawa uku. Tsarin suna daga yau: shekara, wata, rana, reshe, abu, kamar 2025-09-18 Daura shigowar taki.

Litinin, 22 ga Satumba

Yini guda a kan littattafan Excel. Duk na .xls ne, kuma a wannan tsohon tsari maɓallin AutoSave, mai ajiye aiki da kansa, ba ya kunnuwa, mutum biyu ba sa iya rubutu tare. An mayar da su .xlsx.

Sifirin farko ya ɓace daga lambobin waya da na asusun banki. Excel yana ɗaukar 0803 a matsayin adadi, ya jefar da sifirin. Na waya da sauƙi, tun da an san lamba goma sha ɗaya ce mai farawa da sifiri. Na banki lamba goma ce, wata da sifiri ɗaya a gaba, wata biyu, sai da fomula =TEXT(C2,"0000000000") ta cike su. An mayar da waɗannan layukan tsaye rubutu kafin a sake shigar da komai.

Kwanan wata ne ya fi cin rai. Kwamfutar sakatariya tana kan saitin yankin Amurka, mai sa wata kafin rana. Idan ta rubuta 03/09/2025 tana nufin 3 ga Satumba, Excel ya karɓe shi a matsayin 9 ga Maris. Idan ta rubuta 25/08/2025, tun da babu wata na 25, sai ya bar shi rubutu zalla, ya jingine shi hagu a gidansa, alhali kwanan wata na gaskiya dama yake jinginuwa. Ke nan duk ranakun 1 zuwa 12 sun juye, daga 13 zuwa sama kuma ba sa shiga lissafin wata. Shi ya sa jimillar Agusta ta daɗe ba ta dacewa da ta banki.

Canza yankin zuwa Nijeriya yana gyara abin da za a rubuta nan gaba ne kawai. Wanda ya riga ya shiga, adadi ne a ajiye, ba ya komawa da kansa. An tace masu rubutu da ISNUMBER aka gyara su a dunƙule, amma juyayyun, layi 212, sai da aka bi su ɗaya bayan ɗaya ana dubawa da kwafin rasit na takarda. An daidaita yankin a kwamfutoci uku da kuma saitin SharePoint, domin burauza nasa take bi. Tsarin nuna kwanan wata yanzu 03-Sep-2025 ne, wata da haruffa, don ido ya kama kuskure tun a wurin.

A nan aka gyara girman takarda daga Letter zuwa A4, domin Letter ne ke sa layin sa hannu na rasit ya tsallaka shafi na biyu.

Alhamis, 25 ga Satumba

An kai kwamfuta da rauta Daura. An girka Excel, OneDrive da Authenticator, manhajar tabbatar da mai shiga asusu, a wayoyi bakwai. Biyu ba su da wuri, sai da aka share hotunan WhatsApp.

Litinin, 29 ga Satumba

Horo na awa biyu, 'yan Daura ta Teams. An tsaya a kan alamomin OneDrive: shuɗin gajimare yana nufin fayil yana sama kawai, ba sabis ba buɗewa. Koren alama a farin da'ira, an sauke shi amma yana iya komawa. Cikakken koren da'ira, yana zaune a kwamfuta dindindin. Kibiyoyi masu zagayawa, yana kan tafiya. Jan da'ira mai gicciye, akwai matsala, a kira.

Doka ta biyu: an daina tura fayil ta WhatsApp. Duk wanda aka tura ya zama sabon kwafi da ba ya jin labarin uwarsa. Linki ake turawa. Rasit na takarda kuma a ɗauke shi da maɓallin sikanin na OneDrive a waya, ya shiga foldar rasit a matsayin PDF.

Manajan Daura ya tambayi abin da zai faru in sabis ya yi kwanaki bai dawo ba. Manhajar kwamfuta tana ci gaba da aiki, sai dai tana buƙatar ganin intanet aƙalla sau ɗaya a kwana 30, in ba haka ba ta koma karatu kawai.

Litinin, 6 ga Oktoba

Babbar matsala, kuma daga saitinmu ta fito.

Ranar Asabar wani dillali daga Mashi ya biya kuɗin buhu 200 na yuriya a Katsina. Littafin kaya ya nuna akwai 340 a siton Daura, aka ba shi takarda ya tura mota can. Direba ya isa ya tarar da 95. Sauran 105 daga Katsina aka kai masa Mashi a kan kuɗin kamfani, mota da 'yan dako ₦85,000, ban da ɓacin ran mutumin da ya shekara yana sayayya a nan.

Manajan Daura bai yi sakaci ba. Ya rubuta duk buhu 245 da suka fita daga Talata zuwa Juma'a, kowanne da rasit. Abin da ya faru shi ne, ranar da aka kai rauta, an saita layinta a Windows a matsayin layi mai awo, don kada sabuntawar Windows ta cinye data. A saitin asali OneDrive yana dakatar da kansa a kan irin wannan layi, haka kuma in kwamfuta ta shiga yanayin tattalin batir. Ranakun farko manaja yana aiki ne da Wi-Fi na maƙwabcin shago, abin bai bayyana ba. Da ya koma rauta, ƙaramar alamar gajimaren da ke ƙasan allo ta ɗauki sanda biyu na dakatawa, ba wanda ya lura, domin ba a koyar da wannan alamar a horo ba. Yana rubutu yana ajiyewa a kwamfutarsa, Katsina kuma ana rubutu a kwafin sama.

Da aka saki dakatarwar, kwafin biyu sun yi nisa da juna har ba a iya haɗe su ba. Sai aka sami fayil biyu a folda, ɗaya da sunan asali, ɗaya da sunan kwamfutar Daura a manne a ƙarshensa. Babu abin da ya ɓace, kuma wannan ya kamata a faɗa: da kwafi ɗaya ya danne ɗayan, da aikin kwana huɗu na ɓangare guda ya tafi. An buɗe su gefe da gefe, aka kwashe layi 63 na Daura zuwa na asali, aka ƙidaya siton da hannu ranar Lahadi. Ya dace.

Gyaran saiti minti biyu ne: an cire alamar dakatawa a layi mai awo da ta tattalin batir a saitin OneDrive, aka bar Windows a kan awonsa, aka ƙayyade saurin ɗorawa don kada ya shaƙe POS. Amma ko da wannan, sabis yana iya yankewa yini guda a Daura, abu ɗaya ya maimaita. Littafi ɗaya da garuruwa biyu ke rubutu a ciki yana tafiya ne kawai in dukansu suna kan layi a lokaci guda, mu kuwa ba mu da wannan tabbacin. Tsarin ne ya kamata ya canza.

Laraba, 8 ga Oktoba

An raba littafin kaya uku: Katsina, Daura, Mai'adua. Kowanne mutum ɗaya ke da ikon rubutu, saura karatu kawai. In Daura ta rasa sabis, manaja ya ci gaba da rubutu, tun da ba mai taɓa kwafin sama, ranar da sabis ya dawo zai hau lafiya. Layukan tsaye iri ɗaya ne a duka ukun: kwanan wata, lambar kaya, shiga, fita, lambar rasit, lambar mai saye.

Sai littafi na huɗu na taƙaitawa a hannun akanta. An fara gwada SUMIFS mai leƙa sauran littattafan, ya riƙa ba da #VALUE! duk lokacin da suke a rufe, domin haka wannan fomular take. An koma Power Query na cikin Excel, wanda ke jawo tebur uku daga foldar SharePoint ya jera su wuri ɗaya da danna maɓallin sabuntawa.

Abin da ya fi komai amfani gida uku ne a saman shafin, masu nuna kwanan watan layin ƙarshe na kowane reshe da fomular MAX. In na Katsina ko Daura ya wuce kwana ɗaya, gidan ya koma ja. Doka: in gidan reshe ja ne, ba a sayar da kayan siton sai an buga waya. Ranar da ba a yi ciniki ba ma, a rubuta layi mai sifiri.

Alhamis, 9 ga Oktoba

An biya lasisin shekara da naira ta hannun dillali mai izini, a kan asusun da muka buɗe tun gwaji, ba sabo ba. An fara sa wa kowa sabon lasisi kafin a cire na gwaji. ₦1,196,000.

Talata, 14 ga Oktoba

Kwamfutar akanta ta koma Windows 11. Sauran biyun suna nan a kan 10. Manhajojin Microsoft 365 za su ci gaba da samun gyaran tsaro a kansa har 10 ga Oktoba 2028, amma shi kansa Windows ɗin ya daina samu sai da ƙarin biya. Kafin a canza su an hana sa kowane filas a ciki.

Litinin, 20 ga Oktoba

Wasiƙun tunin bashi ga manoma 140 da suka karɓi taki da damina. Da Hausa ake rubuta su, sai matsalar haruffa masu lanƙwasa ta taso. Tsohuwar wasiƙar an buga ta ne da wani zanen haruffa na da, wanda ke aron gurbin wasu alamomi ya sa ƙ da ɗ da ɓ. A kwamfutar da ke da shi lafiya lau, a waya da burauza kuwa sai baka da sanduna a tsakiyar kalma. An maye gurbinsu da haruffan Unicode na gaskiya.

A Word na kwamfuta ana rubuta lamba a danna Alt da X: 0199 ƙ, 0257 ɗ, 0253 ɓ, manya kuma 0198 Ƙ, 018A Ɗ, 0181 Ɓ, alamar naira 20A6. In harafin da ya gabata a ne ko b, c, d, e, f, Word yana haɗa shi da lambar ya fitar da wani abu daban, sai an zaɓi lambar kaɗai tukuna. Don sauƙi an ɗaura wa kowane harafi gajeren maɓalli ta wurin saka alama. Wannan a fayil ɗin Normal.dotm na kwamfutar yake zama, ba ya bin mutum gajimare, sai an kwafa shi da hannu. A waya madannin Gboard na Hausa ya wadatar. Kalma kamar 'yan kuma, Word yana juya alamar farkonta ta fuskanci baya, danna Ctrl da Z nan take yana miƙe ta.

Haɗa wasiƙa da jerin sunaye a Word na kwamfuta kawai ake yi. Adadin bashi ya fara fitowa ba waƙafi, aka ƙara layin tsaye a Excel mai =TEXT(F2,"#,##0") aka jawo daga can.

A gefe guda an gano cewa Excel yana ɗaukar Ƙanƙara da Kankara garuruwa biyu ne, jimillar bashin garin ta rabu. Yanzu gari da sunan kaya daga jerin zaɓi ake ɗauko su, mai saye kuma da lambarsa ake nemansa ta XLOOKUP.

Litinin, 27 ga Oktoba

Ranar Juma'a an jera layin sunaye na littafin bashi daga A zuwa Z shi kaɗai, ba tare da sauran layukan ba. AutoSave ya ajiye nan take. Kowane suna ya koma gaban bashin wani. Sai ranar Asabar aka lura, da wani manomi daga Ajiwa ya zo biyan ₦96,000 aka ce masa ₦310,000 ake bin sa. Ya fito da rasit ɗinsa, aka ba shi haƙuri.

Tarihin sauye-sauyen fayil ya nuna lokacin da abin ya faru, 3:42 na yamma, da kwafin da ya gabace shi. Ba a danna mayarwa kai-tsaye ba, domin bayan ɓarnar an shigar da biya goma sha ɗaya, kuma mayarwa za ta ture su. An buɗe tsohon kwafin, aka sake shigar da goma sha ɗayan daga rasit, sannan aka ɗora shi.

An mayar da jerin tebur na gaskiya da Ctrl da T, wanda ke jera layi gaba ɗayansa. An so a kulle shafin ma, amma tebur a kullallen shafi ba ya ƙara layi da kansa, sai aka kwashe fomuloli zuwa wani shafi aka kulle can. Mai son tacewa don dubawa kawai ya yi amfani da Sheet View, wanda ba ya canza abin da wasu ke gani.

Laraba, 29 ga Oktoba

Ba matsala. Gida uku kore. An ƙidaya NPK 15-15-15 a Katsina, ya dace da littafi.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Wayar mai kula da rumfa ta faɗi a kasuwa jiya, ba a same ta ba. Cikin minti goma an canza kalmar sirrinsa daga shafin gudanarwa, an fitar da asusunsa daga duk na'urori, an soke rajistar Authenticator don ya sake yi a sabuwar waya. Cinikin jiya a takarda ya ƙarasa shi, yau aka shigar.

Wannan ya tono wani giɓi: asusun gudanarwa ɗaya ne, a kan waya ɗaya. Da ita ce ta ɓace, da ba mai buɗe wa kowa. An buɗe na biyu, wanda ba ya buƙatar lasisi, aka ɗaura shi a wayar Alhaji, kalmar sirrin a ambulan cikin sef. An kuma tilasta kulle allo a duk wayoyin.

Litinin, 10 ga Nuwamba

An yi ajiyar wata ta farko a hadis na waje mai 1 TB, ₦78,000. Daidaita fayiloli da OneDrive ke yi tsakanin kwamfuta da gajimare ba ajiyar ko-ta-kwana ba ce: abin da aka goge a kwamfuta ɗaya yana gogewa ko'ina, kuma kwandon shara na SharePoint kwana 93 yake riƙewa. Kuskuren da ba a gano ba sai bayan wata huɗu, hadis ɗin ne kaɗai zai fitar. Ba a barin sa a jone, kuma ba a ofis yake kwana ba. An gwada dawo da fayil uku daga ciki, sun buɗe.

Kuɗin da aka kashe zuwa yau: lasisi ₦1,196,000, ram da SSD ₦118,000, rauta da UPS ₦77,000, adireshin intanet ₦9,000, hadis ₦78,000, data ta wata biyu ₦96,000, asarar motar Mashi ₦85,000. Jimilla ₦1,659,000.

Abin da bai zauna ba tukuna: mai siton Katsina yana shan wahalar cike tebur a ƙaramin allon waya, ko da yanayin kati da Excel ke nuna kowane layi da shi, yana tara rasit sai yamma. Za a saya masa tabulet ko a gwada fom na Microsoft Forms mai zuba amsa a Excel, tun da siton yana da sabis. Fom ba zai yi wa Mai'adua ba, domin ba ya aiki ba intanet.

Na gaba: ranar 17 ga wata tirela biyu na yuriya za su sauka, ɗaya Katsina ɗaya Daura. Za a shigar da su a littafi kafin a sallami direba, a ƙidaya siton biyu da hannu ranar 22, a gwada da littafin taƙaitawa. Kwamfutoci biyu masu ɗaukar Windows 11 sai a Janairu, bayan an tattara bashin kaka.